Sarƙar Katafila da Mas'alar Rangwame

Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin ramin da ake ɗibar marmara, ko kuwa a inda ake yanka sabuwar hanya cikin fadama sa'ad da damina ta yi tsaka, har Allah Ya nufe shi da ganin katafila ta zubar da sarƙarta, to ya ga abin da ya isa mai hankali ya yi dogon tafakkuri a kansa. Domin kuwa abin da ɗazun nan yake ture tudu yana tumɓuke itatuwa, ƙasa na girgiza a ƙarƙashinsa, sai ga shi ya karkace ya tsaya cik, injinsa lafiya lau, tankinsa cike da mai, direbansa bai rasa gwaninta ba, amma taku ɗaya ya gagare shi. Tifofi su yi jerin gwano suna jira, leburori su nemi gindin inuwa, ɗan kwangila kuwa, wanda ya ɗauko ta haya a kan kuɗin yini, ya shiga kai da kawowa yana duban agogo. Abin da ya ja hankalina ga wannan al'amari shi ne yadda kanikawa ke mayar da sarƙar, gama a cikin aikin nasu akwai wata gaɓa wadda zahirinta ya saɓa wa hankali, kuma ita ce ainihin mas'alar da malaman fiƙihu suka daɗe suna juyawa a babin azima da rukhsa, wato tsayayyen hukunci da rangwamen da ake yi a cikinsa saboda uzuri.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda ƙirar take. Laka ce ta haife ta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin gonakin fadama da ke kewayen garin Stockton, manyan injunan noma masu aiki da tururi sun kasance suna nutsewa saboda nauyinsu, kome faɗin da aka ƙara wa ƙafafunsu, har a shekarar 1904 wani mai ƙera su, Benjamin Holt, ya cire wa ɗayansu ƙafafun baya ya sa masa sarƙa mai ɗauke da allunan katako, ya bi ta kan ƙasar da a da take haɗiye shi. Kamfaninsa ne a 1925 ya haɗu da na C. L. Best suka zama Caterpillar, kuma jikokin wannan ƙira ne suka tara ƙasar madatsar ruwa ta Tiga da ta Bakolori a shekarun 1970. Hikimar ita ce motar tana ɗauke da hanyarta, ta shimfiɗa ta a gabanta, ta taka, ta naɗe ta a baya, nauyinta ya bazu bisa faranta masu yawa, har ya zamana dannawar da mota mai tan 20 ke yi wa ƙasa ba ta yi nisa da wadda tafin ƙafar mutum ke yi mata ba. A kowane gefe akwai ƙafa mai haƙora a baya, ita inji ke juyawa, haƙoranta na kama gaɓoɓin sarƙa ɗaya bayan ɗaya. A gaba akwai wata marar haƙora, wadda aikinta kawai ta riƙe sarƙar a miƙe ta shiryar da ita. Tsakaninsu ga ƙananan rololi masu ɗauke da nauyin motar. Ita ƙafar gaba ba a kafe take ba, tana zamewa cikin mazauninta, bayanta kuwa akwai bututu cike da giris da ƙaton sifirin mai shanye girgiza, ta yadda in aka ɗura giris da famfo sai ta matsa gaba sarƙa ta ɗaure, in aka sake shi sai ta ja da baya sarƙa ta yi sako-sako.

Sarƙa ba ta zubewa haka siddan. Galibi sako-sako ne mafarin abin: gaɓoɓi sun ci, ko robar da ke tsare giris ta mutu ya tsiyaye ba wanda ya kula, sa'an nan ranar tsautsayi ta zo, direba ya bi gefen gangare a karkace, ko ya yi juyi mai kaifi cikin caɓi, ko dutse ya shiga tsakanin haƙori da gaɓa, sai sarƙa ta hau bakin ƙafar gaba ta faɗa waje. Abu na farko da zuciyar direba ke raya masa a wannan hali shi ne ya ƙara wuta, wai ko ƙarfi ya mayar da ita; abin da ke biyo baya kuwa sananne ne, gefen mai lafiya ya yi ta tafiya, motar ta yi ta kewaya wuri guda tana haƙa wa kanta rami, sarƙar da ta ɗan goce kaɗan ta fita gaba ɗaya ta murɗe a ƙarƙashin rololi, ƙaramin aiki ya koma babba. Saboda haka farillar farko a wurin masu sana'ar ita ce a tsaya.

Na taɓa tsayawa na kalli wani dattijon bakanike yana wannan aiki a kan irin katafilar nan ta haƙa, mai dogon hannu da bokiti. Bai taɓa sarƙar ba sai da ya sa direba ya juya jikin motar ya fuskanci gefen da ya lalace, ya kafa bokiti a ƙasa ya danna har gefen ya ɗaga, aka cusa gumagumai a ƙarƙashi, domin ba ya yarda ɗan Adam ya sa hannu ƙarƙashin abin da ƙarfin mai kaɗai ke riƙe da shi. Yara suka kwashe laka da shebur da tsinken ƙarfe har ƙafafun suka fito fili. Sa'an nan ya buɗe wani ɗan murfi a jikin ƙarfen gefe, ya miƙa wa babban yaronsa sifana, ya ce, “Kai yaro, kau da fuskarka daga saitin bawul ɗin nan. Juyi ɗaya tak, kada ka ƙara.” Yaron ya ce, “To, Oga,” ya murɗa, sai ga giris baƙi ƙirin yana fitowa sannu-sannu yana naɗewa a ƙasa, ƙafar gaba kuma da aka tura ta ta ja da baya kamar faɗin tafin hannu, sarƙar da ke rataye ta ƙara zubewa. Nan fa mai kwangilar, wanda haƙurinsa ya riga ya ƙare, ya matso ya ce, “Haba Malam, ba sako-sakon nan ne ya jawo mana wannan asara ba? Ni na zaci ɗaure ta za ka yi, sai na ga kana ƙara sakinta.” Dattijon bai ɗago kai ba, ya ce, “Alhaji, ɗauri na nan tafe. Amma abin da ke waje ba a ɗaure shi, sai ya shigo tukuna.” Aka ɗaura wata 'yar sarƙa a haƙorin bokiti aka ɗaga babbar, wadda nauyinta ya haura tan guda, aka ɗora ta bisa haƙoran ƙafar baya har suka kama, direba ya riƙa juya ta a hankali, idonsa na kan hannun dattijon kaɗai, yara na tallafa ta da dogayen ƙarafa, har ta hau bakin ƙafar gaba ta faɗa mazauninta da wata ƙara mai nauyi. Sai a sa'an nan aka ƙulle bawul, aka kawo famfon giris.

To, maganar Alhajin nan ba ta banza ba ce, kuma ita ce hujjar da ake ji daga bakin masu wa'azi da yawa, da iyaye, da malaman makaranta, duk sa'ad da aka zo batun wanda ya goce daga hanya, ko matashi ne da ya faɗa shaye-shaye, ko magidancin da ya yi shekaru bai fuskanci alƙibla ba, ko gari ne sukutum da ya saba da wata mummunar al'ada: suna cewa tun da yake sakaci ne ya fitar da shi, to sassauta masa daidai yake da ƙara masa cutar da ta kwantar da shi, magani kuwa kishiyar cuta ne, saboda haka sai tsanani. A wajen bayanin sababi maganarsu gaskiya ce. Inda ta gaza shi ne ta ɗauka hanyar komowa ita ce dai hanyar fita aka juya, alhali kuwa ko a ƙarfe ba haka abin yake ba. Gama sarƙar da ke waje, kafin ta koma mazauninta, tilas ne ta tsallake tudun bakin ƙafar gaba, tsallakewar nan kuwa tana bukatar sarari fiye da wanda ya ishe ta fita, tun da ta fita ne da taimakon nauyin mota da ƙarfin inji da karkatar ƙasa, amma za ta komo ne da dabarar mutane. In aka ɗura giris tana waje, ƙafar ta matsa gaba, ƙofar komowa ta rufe, duk ƙarfin da aka sa bayan wannan kuwa sai dai ya lanƙwasa wani abu ko ya karya yatsun wani. Sa'an nan a lura da abin da dattijon ya taɓa da abin da ya bari. Bai fasa haƙori ko ɗaya ba, bai goge tudun bakin ƙafa domin sarƙa ta shiga da sauƙi ba, wanda da ya yi da ya yi gyaran gangar Auzinawa, domin tudun da ke wahalar da shigarta yau shi ne zai hana ta fita gobe. Abin da ya saki shi ne abin da maƙerin motar ya tanada tun farko domin a riƙa saki ana ɗaurewa. A nan rukhsa ta rabu da sauya hukunci.

Malaman hadisi sun ruwaito labarin baƙauyen Balaraben da ya shigo masallacin Madina ya kama fitsari a wani gefe. Sahabbai suka zabura za su far masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su, ya sa aka bar shi ya ƙare, aka kwarara gugan ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya sanar da shi cikin taushin harshe abin da aka gina masallatai dominsa. Masu sharhi sun ce da an katse shi da ya cutu a jikinsa, da kuma najasar ta watsu a tufafinsa da wurare da yawa maimakon wuri guda. Hukuncin najasa bai motsa ba, gugan ruwa shi ne shaida, karantarwa kuma ba ta faɗi ba, an dai jinkirta ta zuwa lokacin da kunne zai iya ɗaukarta. Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya karɓi halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira ya tarar da zalunci ya yi kanta, sa'ad da ɗansa Abdulmaliki, cikin zafin ƙuruciya da tsoron Allah, ya matsa masa ya kawar da ɓarna duka a lokaci guda, sai ya tuna masa cewa giya ma ba a haramta ta rana ɗaya ba, ya kuma nuna masa yana tsoron in ya ɗora wa mutane gaskiya gaba ɗaya su ture ta gaba ɗaya. Imam Shaɗibi, malamin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya kawo wannan labari a littafinsa Muwafaƙat, kuma a can ya tabbatar da cewa shari'a a tsakiya take tafiya, in kuwa aka ga ta karkata wajen tsanani ko wajen sauƙi, to ta yi haka ne domin ta komo da wanda ya karkata ɗaya gefen, ta tsoratar da wanda sakaci ya rinjaya, ta kwaɗaitar da wanda ƙunci ya rinjaya.

Mai karatu mai lura zai ce ai wannan ƙa'ida Alhaji ta bai wa gaskiya, tun da ta ce mai sakaci tsoratarwa ce maganinsa. Haka ne, matuƙar sarƙa na kan ƙafa. Wanda ya fara wasa da lokutan salla, ko ya fara rage mudu kaɗan-kaɗan, yana nan bisa hanya sai dai ya yi sako-sako, kuma shi ne ya cancanci a ɗaure shi tun ranar gangare ba ta zo ba. A nan ne ma muka fi yin shiru, sai abu ya ɓaci mu taso da bulala. Amma wanda ya riga ya faɗa waje halinsa ya sake, domin abin da ke riƙe da shi a can yanzu galibi kunya ce da yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji, da sanin cewa gari duka ya san labarinsa, waɗannan kuwa ƙunci ne tsantsa ko da sakaci ne ya haife su. Hadisin mutumin nan na cikin al'ummun farko da ya kashe rai 99 ya isa misali: ya tambayi wani mai yawan ibada ko yana da tuba, ya ce ba shi da ita, sai ya cika ɗari da shi, ya tambayi malami, malamin ya buɗe masa ƙofa, ya kuma umurce shi da ya bar ƙasar da yake ya koma wata ta mutanen kirki. Abin sha'awa a fatawar malamin shi ne ba ta tsaya ga rangwame ba, ta haɗa har da ɗauke motar daga gangaren da ya kayar da ita.

Wannan saɓani na tsanani da rangwame ya taɓa faruwa a ƙasarmu tsakanin manya biyu waɗanda ba a tuhumar ɗayansu da rashin ilimi ko raunin taƙawa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu, da ya ga son mulki da ado da tara dukiya sun fara shiga jama'a ana tsakiyar jihadi, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Diya'ul Hukkam. Shehu Usmanu kuwa, wanda tun kafin jihadi ya yi ta rubutu yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su san hujjojin ilimin kalam ba, a zamansa na Sifawa ya rubuta Najmul Ikhwan, ya yi nasiha da a bar tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani, ya kuma ɗauki ra'ayi mai sauƙi fiye da na ƙaninsa a kan al'amura irin su kiɗa da tufafi da laƙabin sarauta. Ni dai ina ganin Shehu ya fi duban halin mutanen da aka shigo da su jiya-jiya, amma ba zan ce tsoron Abdullahi ya tashi a banza ba, gama da yawa daga abin da aka yi wa rangwame a wancan lokaci ya zauna daram har yau.

Wannan kuwa shi ne haɗarin da ke cikin babin, kuma kanikawa sun fi mu tsoronsa. Girisin nan da ke fitowa sannu-sannu a matse yake matsi mai tsanani, har in aka zarce wajen kwance bawul yana iya tsinkewa ya fita kamar harsashi, shi ya sa dattijon ya ƙayyade juyi ɗaya, ya kuma zaɓi wanda zai miƙa wa sifana. Ba kowa ne ke buɗe ƙofar rangwame ba, sai wanda ya san gwargwadon abin da ke danne a bayanta. Bawul ɗin da aka manta a buɗe kuma daidai yake da ba a yi gyara ba. Malamai sun zargi mai bin mazhabobi yana tsintar sauƙaƙan maganganu yana tarawa, sun ƙayyade lalura da gwargwadonta, sun ce tana gushewa da gushewar sababinta, kamar yadda taimama ke ƙarewa in ruwa ya samu. A ɗaya ɓangaren akwai direban da ya ji jiki, wanda don haushin abin da ya same shi yakan ɗura giris har sarƙa ta miƙe zir ba rankwafawa ko kaɗan, yana zaton ya huta. Ita kuwa irin wannan sarƙa ba ta faɗuwa a gaban mutane, cinyewa take yi daga ciki, ƙusoshin gaɓoɓi da bututunsu na goge juna, inji na shan mai yana wahala, har ta tsufa tun kwananta bai kai ba. Daidai shi ne a bar mata 'yar rankwafawa, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a auna ta da ma'auni bisa abin da littafin kamfani ya faɗa, a kuma auna ta a irin ƙasar da za ta yi aiki, domin lakar damina na cushewa tsakanin haƙora ta ƙara ɗaure ta, ɗaurin da ya dace da rani ya zama azaba a watan Agusta. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar, ya yi magana mai kama da wannan a kan hukunce-hukuncen da aka gina bisa al'ada, cewa daskarewa a kansu bayan al'adar ta sake jahiltar manufar magabata ne. Sai dai a nan misalin ya fara gurgunta, domin bakanike yana da ma'auni da littafi, ƙarfe kuma ba ya ƙaryar uzuri, shi kuwa malami yana auna zukata ne waɗanda ba ya gani, kuma ɗan Adam ya iya kwanciya a bakin hanya ya ce lalura ce.

Saura wata sura wadda saki da ɗauri duk ba sa maganinta. Akwai katafilar da ke zubar da sarƙa yau, a mayar, ta sake zubarwa jibi, ko da gwanin gwanaye ne ya auna ta, saboda tudun bakin ƙafar gaba ya cinye, haƙoran baya sun yi tsini, gaɓoɓi sun miƙe har bututun giris ya kai ƙarshen tafiyarsa. Wasu kanikawa kan cire gaɓa ɗaya domin a sami abin ɗaurewa, dabara ce ta jinkirta ranar biya kawai. Masu sana'ar na cewa ƙarƙashin motar nan kan ci kusan rabin kuɗin gyaranta, shi ya sa mai ita yakan rufe ido, in ta zube ya hau direba da faɗa ya ce ganganci ne. Haka abin yake a cikin mutane ma: Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa bayin wani mutum mai suna Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka soke ta, aka kai ƙara wurin Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya ba da umurni a yanke hannuwansu, sa'an nan ya sake duba al'amarin ya fahimci ubangidansu na barinsu da yunwa, sai ya juya hukuncin kan ubangidan. Ya tambayi mai taguwar kuɗinta, ya ce ko dirhami 400 ba ya sayar da ita, Umaru ya sa aka biya shi 800. Malik ya kawo labarin yadda yake, sa'an nan ya ƙara da cewa aikin mutanen Madina bai gudana bisa ninka kuɗi ba, abin da ake biya shi ne ƙimar dabba a ranar da aka ɗauke ta.